Rasuwar Gwaggo, Sabar da Ta Tafi da Makulli

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ciki mai cike da fargaba, ni mai kula da injina a wannan ƙaramin kamfani na gina manhajojin intanet, a madadin Oga mijin yayata, da Mai Zane, da duk wanda ya taɓa cin abinci ta dalilinta, nake sanar da rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar da ke ɗauke da ayyukanmu, irin wadda masu sana'a ke kira saba. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi. Ta yi zamanta ne a ɗan ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin matakala, tsakanin bokitin goge ƙasa da kwalin tsofaffin wayoyi, tun kafin a sa wa kamfanin suna. Ta rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, ko kuma doguwa, ya danganta da wanda aka tambaya. Ni dai na daɗe ina jin tarinta.

Na san ba a ce wa inji Allah ya jiƙan rai, kuma ba zan ce ba. Amma wanda ya fara karanta wannan sanarwa da murmushi, ina roƙonsa ya daure ya kai ƙarshe, domin akwai mai rai a cikin maganar. Gwaggo ce ke riƙe da lambobin wayar mutanen da ke ba 'yar yayata jini, kuma ta tafi ba ta bar mana hanyar kiransu ba.

An sayo marigayiya ta hannu daga wani ofis da ya rufe. Oga ne ya ɗauko ta a bayan mota naɗe cikin tsohon labule, ya dire ta gabana, ya ce in yi maneji da ita kafin abubuwa su kankama a sayi sabuwa. Abubuwa sun kankama. An sayi kujeru masu juyawa, an sayi firij, an buga tambarin kamfani a jikin kofuna, sabuwar saba ce kaɗai ba ta samu shiga ba. Mai Zane, wadda ke tsara mana fuskar shafuka, ita ta raɗa mata Gwaggo, wai don tana gunaguni amma ba ta taɓa ƙin aike ba. In tana lafiya muryarta ɗaya ce, wani dogon "wuuuu" na fanka da ya bi jikinmu har muka daina jin sa. In aiki ya yi mata yawa takan ƙara da "ƙir-ƙir-ƙir", kamar ɓera a bayan kabad.

Marigayiya mai haƙuri ce, kuma malama ce ga duk wanda ya yarda ya koya. Ita ta ɗauki shafin wani mai sayar da takalma da ke loda hotuna yadda suka fito daga kyamara, kowane ɗaya da nauyinsa kamar buhun siminti, har mai saye ya shanye shayinsa takalmin bai gama bayyana ba. Ba ta faɗi ba. Nishi kawai ta yi ta yi, har muka koyi rage nauyin hoto kafin a ɗora shi. Lokacin da neman sunan abokin ciniki a rumbun bayanai ya koma cin rabin yini, Oga ya rantse tsufa ne ya kama ta. Ashe mu ne ba mu yi wa rumbun fihirisa ba, baiwar Allah sai ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya tun daga farko duk sanda aka tambaye ta. Layi ɗaya aka ƙara ta miƙe garau, Oga kuma ya shiga gaya wa baƙi cewa shi ya gano matsalar.

Ta sha wuya a hannunmu, wannan ba abin ɓoyewa ba ne a ranar makoki. Akwai shekarar da cikinta ya cika taf da rahoton kurakuran da take rubutawa, babu mai karantawa, babu mai sharewa, har ta rasa inda za ta ajiye ko da wasali. Akwai yammacin ƙarshen mako da Oga ya shiga cikinta kai tsaye tana tsaka da aiki, ya ce, "Harafi ɗaya zan gyara, Injiniya, kar ma ka tashi." Injiniya yake ce mini in ya kusa ɓata abu ko ya riga ya ɓata. Harafin nan ya cinye mana hutun makon kaf. Daga nan aka kafa doka cewa gyara sai an gwada shi a wata kwamfutar tukuna, kuma ba a ɗora sabon abu a ranar da kowa ke haramar tafiya gida. Akwai dokar da ba a taɓa faɗa da baki ba amma ta fi sauran ƙarfi, wato ba a kashe Gwaggo. In wuta ta ɗauke batir ya karɓa, in batir ya gaji janareta ya karɓa. Shekaru suka shuɗe ba ta runtsa ba, mu kuma muna nuna wa baƙi wannan a matsayin abin alfahari.

Aikinta mafi daraja kuwa shi ne wanda ya kawo mu inda muke yau. 'Yar yayata, wadda duk gida ke kira Lauya saboda ba a ƙare musu da ita, tana da sikila mai tsanani. Duk bayan 'yan makonni sai an ƙara mata jini, kuma yawan ƙarin ya sa jikinta ya zama mai zaɓe, har jinin da takarda ta ce irin nata ne ma sai ya ƙi karɓa. Likitarta ta yi shekaru tana gwada masu ba da jini na sa kai kafin ta tsinto 'yan ƙalilan da nasu ke zama lafiya a jikin yarinyar, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ita Likita ce ta roƙe mu mu gina mata manhajar da za ta riƙe masu bayarwa, na Lauya da na sauran yaran da ke hannunta. Sharaɗi ɗaya ta kafa, domin ta ga yadda iyaye ke bin mai jini har ƙofar gidansa da kuka, har ya gaji ya sauya lamba ya daina zuwa. Ta ce kada kowa ya iya ganin suna ko lambar wayar mai bayarwa, har ita kanta. A asibiti lamba kawai ake rubutawa a jikin ledar jini. In buƙata ta taso Likita ta danna maɓalli, Gwaggo ta aika saƙon tes ga waɗanda suka dace, su kuma su zo. Tun ranar rajista aka yi musu alkawari cewa in ba su ji daga gare mu ba, to yara suna lafiya, su ci gaba da harkokinsu.

Mun yi aikin yadda manyan sana'a suka ce a yi. Muka kulle sunaye da lambobin da makullin sirri, wato wani dogon jeren haruffa wanda in babu shi bayanan shirme ne a idon duk wanda ya same su. An ce kullum a riƙa kai kwafin rumbun bayanai wani waje daban, muka yi, kullum Gwaggo na tura kwafi zuwa ma'ajiyar haya can nesa, ba ta taɓa fashi ba. An ce kada a ajiye makulli wuri ɗaya da kwafin, don ɓarawon da ya sami akwati kada ya sami abin buɗewa, muka cire shi daga ciki. An ce kada a rubuta sirri a cikin kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, wanda abokan aiki ke rabawa tsakaninsu, muka hana shi shiga nan ma. Kowace doka daidai take, har gobe zan koyar da ita ga duk mai son koyo. Amma da suka haɗu, sai ya zama makullin nan wuri ɗaya tak yake a duniya, a wani ɗan fayil da bai kai tsawon saƙon gaisuwa ba, a cikin faifan ajiyar bayanai da ke cikin Gwaggo. Mukan gwada kwafin lokaci zuwa lokaci, kuma kullum yana buɗewa lafiya lau, domin a jikin Gwaggo muke gwada shi.

Jinyar ƙarshe ta fara ne da sabuwar murya. A 'yan watannin nan, ƙarƙashin "wuuuu" ɗin da muka sani, sai a ji wani "ƙas" guda ɗaya, jefi-jefi, kamar an karya tsinke. Na gaya wa Oga. Ya zo ya kara kunne a jikinta, ta yi lamo, yana juya baya ta yi. Ya ce in an shiga sabuwar shekara za a duba. Ana haka bututun banɗakin bene na sama ya fara yoyo, silin ɗakin ajiya ya yi ciki, wani tabo ruwan ƙasa ya riƙa faɗaɗa kullum daidai saman kanta. Ranar Talata mai gyaran famfo ya zo ya ce ba zai fasa silin ba sai an fitar da ita. Babu wanda ya yi ganganci a ranar. Na sanar da abokan ciniki za a ɗan ji mu shiru, na rufe ayyukanta ɗaya bayan ɗaya, na kashe ta cikin mutunci. Ni da Mai Zane muka tallabo ta a hankali muka kai ta kan teburin da ke kusa da taga. Shirun da ofis ya yi a lokacin bai yi mini daɗi ba.

Na jona wayoyi, na danna maɓalli. Fanka ta tashi, ta yi "ɗit" ɗinta na gaisuwa, har na saki numfashi. Sai rubutun da ya kamata ya zubo a allo bai zubo ba. Abin da ya zo shi ne "ƙas, ƙas, ƙas", a jere, ba hutu, ɗan hannun da ke karanta faifai yana zuwa yana komawa bai sami abin da yake nema ba. Daga baya mai farfaɗo da faifai ya gaya mana cewa tsohon faifan da ya yi shekaru yana juyawa, juyin ne ke riƙe da ransa, in ya tsaya ya huce sau da yawa ba ya sake tashi. Ya ce kuma duk kunnawar da aka yi bayan wannan sauti ƙara yagar faifan take, sannan ya tambaya sau nawa muka gwada. Oga ya ɗaga kai ya dubi silin. Wannan "ƙas" ɗin shi ne kalamanta na ƙarshe, kuma har yanzu ina jin sa in na shiga wanka ko na tsaya a layin mota.

Da farko ban tsorata ba, har fito nake yi. Na kama hayar sabuwar saba, na sauko da kwafin jiya, kafin a tashi cin abincin rana shagon takalma ya dawo da sauran shafuka. Na zo kan manhajar Likita, ta buɗe da kyawunta, launukan Mai Zane duk suna nan. Na shiga shafin masu ba da jini. Kowane layi yana nan, babu wanda ya ɓata, sai dai a gurbin suna da lambar waya wasu birkitattun haruffa ne kamar kyanwa ta taka madannai. A ƙasa da ɗan jan rubutu, wai ba a sami makulli ba. Na duba kwamfutata, na duba ta Mai Zane, na bi tsofaffin saƙonni, na zazzage durowa, ina neman abin da da hannunmu muka hana shi zuwa ko'ina.

Marigayiya ta rasu ta bar abokin zamanta batir, wanda har yanzu yana ƙarƙashin matakala yana ƙyafta koren idonsa, bai san ya zama gwauro ba. Ta bar ƙanwarta firinta, wadda ba ta taɓa yin aiki a ranar da ake buƙatarta ba amma ga shi ita ce za ta ga bayan kowa. Ta bar marayu da ba mu san yawansu ba, wato ƙananan ayyukan da aka ɗora mata shekarun baya ta riƙa yi da kanta a kan lokaci, aka manta da su, ba a rubuta su ko'ina ba. Sai sun mutu muke sanin suna raye. Ranar Laraba rasit ɗin mai takalma ya daina fita. Ranar Alhamis ɗan kwaɗon da ke jikin adireshin wani shafi ya ɓalle, burauza, manhajar buɗe shafuka, ta shiga tare jama'a da jan allo tana cewa wurin ba amintacce ba ne, ashe Gwaggo ce ke sabunta satifiket ɗin amincin shafin ba tare da ta gaya wa kowa ba. Hatta ɗan shirin da muka naɗa mai gadi, wanda aikinsa ya sanar da mu in wani shafi ya faɗi, a cikinta muka zaunar da shi, ya bi ta bai ce uffan ba. Yanzu in wayar ofis ta yi ƙara sai mu dubi juna, babu mai son ɗauka. Ta kuma bar wasu bayin Allah a gidajensu da wuraren aikinsu, wayoyinsu shiru, suna gode wa Allah da yaran suke lafiya.

Iyalan mamaciya na godiya ga masu ta'aziyya, har da waɗanda mutuwar ta mayar masana dare ɗaya. Mun ji wanda ya ce a sa faifan a firiza, da wanda ya ce a ɗan buga shi da gefen hannu, da ɗan'uwan da ya tako ƙafa da ƙafa don ya tambaye mu me ya hana mu sayen sabuwa tuntuni. Allah ya saka wa kowa daidai da niyyarsa. Abin da nake so ɗan sana'a ya ɗauka daga gidan makokin nan kaɗan ne. Ka ɗauki kwafinka yau, ka kai shi kan injin da bai taɓa ganin aikinka ba, ka tayar da manhajar daga babu, ka ga abin da zai tambaye ka ka rasa. Mai gadi ka zaunar da shi a wani injin. Makulli kuma a buga shi a takarda, a rufe a ambulan, a ba mutum biyu da ba sa shiga mota ɗaya.

Ni aka tura in gaya wa Yaya, domin Oga ya ce ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Tun ranar Talata bai zauna a kujerarsa mai juyawa ba, a kan matakala yake yini, kuma bai sake ce mini Injiniya ba. Na same ta da yamma tana gugar kayan makaranta. Na fara bayani tun daga kwafi da fayil, ta tsayar da dutsen guga a kan gindinsa ta dube ni.

"Auta, bar wannan. Mutanen suna nan ko ba sa nan?"

"Suna nan, Yaya. A kulle suke."

"To buɗe."

Na ce mata babu makulli. Ta riga ta san sauran, domin Likita ta gaya mata cewa ƙarin jini na gaba a mako mai zuwa ne, ana iya ɗan jinkirta shi kaɗan amma ba da yawa ba, kuma gwada sababbin mutane har a dace aiki ne na sa'a da dogon lokaci. Lauya na kwance a doguwar kujera da littafin lissafi a ƙirji. Leɓɓanta sun fara fari, farin idonta ya soma komawa ruwan ɗorawa, kamar yadda yake yi duk sanda lokaci ya gabato.

"Kawu, ai wanda ya kulle shi ke da makulli. Haka ake yi."

"Haka ake yi, Lauya. Gwaggo muka ba ajiya."

"To mutanena sun san ta mutu?"

Na ce ba su sani ba. Na gyara tsayuwa ina jiran tambaya ta gaba, domin yarinyar nan ta taɓa yin yini guda tana musu da ni kan ko kifi yana jin ƙishirwa. Sai ta juya fuskarta ga bango ta ce barci take ji. Tsoro ya kama ni a lokacin irin wanda ban ji ba ko a gaban jan rubutun nan.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa ba za a binne marigayiya ba tukuna. Gangar jikinta na nan kan teburin kusa da taga, an lulluɓe ta da labulen da ta zo a ciki, an manna salatif a kan maɓallin, kuma ana roƙon masu ziyara su riƙe hannuwansu a aljihu. Faifan yana wurin mai farfaɗowa, zai buɗe shi a ɗakinsa da iska ma sai an tace take shiga. Mun gaya masa ba ma son hotuna, ba ma son kod, fayil ɗaya muke roƙo. Bai yi mana alkawari ba, kuma lokacin da ya ɗiba ya wuce wanda Likita ta ba mu. In ya gama, za a miƙa abin da ya rage ga masu sayen tsofaffin ƙarafa, ba tare da taro ba.

Zaman makoki ba a ofis za a yi ba. Za a yi shi ne a ɗakin ɗaukar jini na asibitin Likita, daga gobe, tun buɗewa har tashi, kullum, har sai waɗanda ake jira sun zo. Ba a buƙatar a kawo abinci ko kujeru. Ku masu ba Lauya jini, Likita ba ta riƙe sunayenku ba, amma ta tuna fuskoki. Akwai dogon mutumin da ke shigowa da hular kwano a hannu yana sauri zai koma aiki. Akwai matar da ke zuwa da saƙarta tana yi har sai an riƙe hannunta don ɗaukar jini. Akwai wanda ke kau da kai ya runtse ido tun kafin a ɓare allura, amma bai taɓa ƙin zuwa ba. Kun san ƙofar, kun san benci. Duk wanda ya ga alamar maƙwabcinsa ko abokin aikinsa a nan, ya kai masa wannan sanarwa hannu da hannu, ya gaya masa shirun da wayarsa ta yi kwanan nan ba na lafiya ba ne.

Sauran masu ta'aziyya ma ana maraba da su, za a gwada kowa ko Allah zai sa a dace. A karya kumallo sosai kafin a fito, a kuma sa riga mai hannun da ke naɗuwa.